Me ya sa Larabawa suka tsaya a Sindh?

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya hana Larabawa cinye Indiya tunda a wargaje suka same ta. Wargajewar gaskiya ce. Daular Gupta ta rushe a ƙarni na 6, Sarki Harsha ya haɗa arewa na ɗan lokaci, da ya rasu a 647 kowane basarake ya ja nasa yankin.

Kwamandan Larabawa Muhammad bin Ƙasim ya iso Sindh (a Pakistan ta yau) wajen 711, gwamnan Iraƙi Hajjaj bin Yusuf ne ya turo shi. Ya fasa garin Debal da majaujawar duwatsu, aka kashe Dahir, sarkin Sindh, a fagen fama a 712, sannan Multan ta faɗi.

A ganina siyasar gida ce ta fara karya tafiyar. Hajjaj ya rasu a 714, Halifa Walid ya bi shi a 715, Sulaimanu ya hau, ya sa aka dawo da Muhammad bin Ƙasim, saurayin kwamandan, zuwa Iraƙi a ɗaure, can ya mutu a kurkuku. Abin akwai ban takaici ƙwarai.

Kuma ƙananan sarakunan nan ba kanwar lasa ba ne. Mayaƙan masarautar Chalukya sun fatattaki rundunar Larabawa a garin Navsari wajen 738, Sarki Nagabhata na masarautar Pratihara shi ma ya tare musu hanya.