Kuɗin littafi ɗaya: Lück ko Kechris da Miller?

Tambaya: Malam, ina digiri na biyu a lissafi. Ina son shiga fannin rukunoni masu ƙirguwa (tarin sauye-sauye da ake iya jerawa ɗaya bayan ɗaya) da yadda suke motsa ɗigogin sarari ba tare da sun taɓa ma'auninsa ba. Kuɗin littafi ɗaya ke hannuna. In sayi na Wolfgang Lück a kan lambobin L² (wasu ma'aunai na siffar sarari da rukuni), ko na Kechris da Miller?

Amsa: Ɗan'uwa, sayi na Kechris da Miller, *Topics in Orbit Equivalence*, na 2004. Siriri ne, bai kai shafi 150 ba, za ka iya cinye shi da fensir a hannu cikin zango ɗaya. Na Lück na 2002 ya doshi shafi 600, kuma yana ɗauka ka riga ka goge a topoloji, wato ilimin siffofin sarari. Taska ce, amma ranarta na gaba.

Abin da ya fi sa na zaɓa maka siririn shi ne bayaninsa a kan "farashi", wanda masanin lissafi Levitt ya kawo a 1995. Kowane ɗigo yana da dangi, wato duk ɗigogin da rukunin zai iya kai shi. Ka ja zare tsakaninsu har kowane dangi ya haɗe, sai ka duba zare nawa ya faɗo wa ɗigo guda a matsakaici. Iyakar ƙarancin da za ka iya sauko da shi, shi ne farashi. A rukunin cikakkun lambobi, zare ɗaya daga kowane ɗigo zuwa na gabansa ya wadatar, farashi 1 ke nan. Ornstein da Weiss sun nuna a 1980 cewa duk rukunonin amenabul marasa iyaka (waɗanda ake iya ɗaukar matsakaici a kansu, kamar na cikakkun lambobi), ta fuskar dangi, ba su da bambanci da wannan. Sai Gaboriau a 2000 ya tabbatar da cewa sakakken rukuni mai tushe n (wanda aka gina daga tubala n ba tare da wata ƙa'ida ta ɗaure su ba) farashinsa n ne cif, don haka mai tushe 2 da mai tushe 3 ba sa taɓa rikiɗewa juna. Ranar da na fahimci wannan hujjar, wallahi na daɗe ban rufe littafin ba.

Tambaya daga wata mai karatu: Malam, zan iya ɗaukar matsalar "tsayayyen farashi" a matsayin batun digirina na uku?

Amsa: Ƙanwata, kada ki sa ta a kan kundinki. Tambayar ita ce ko duk sakakkun motsin rukuni ɗaya (inda kowane memban rukunin, ban da wanda ba ya motsa komai, ke gusar da kusan kowane ɗigo) farashinsu ɗaya ne, kuma ta gagari manya shekara da shekaru. Ko Hutchcroft da Pete, da suka nuna a 2020 cewa rukunonin Kazhdan marasa iyaka (wani jinsi mai tauri, kishiyar amenabul) farashinsu 1, mafi araha a cikin motsin suka kama, ba dukkansu ba. Ki zaɓi jinsin rukuni guda ki lissafa nasa. Ki fara da bayanin da Gaboriau ya gabatar a babban taron masana lissafi na Haidarabad a 2010, kyauta yake a arXiv, rumbun maƙalun kimiyya na intanet. In kin iso inda ake kwatanta farashi da lambar Betti ta L² ta farko, ɗaya daga cikin lambobin L² ɗin, a nan za ki nemi aron littafin Lück.