Amsar Kawu kan maganar baftismar jaririya

Ɗana, saƙonka ya iso, ƙanwarka ta karanta mini daga waya. Barka da arziki, Allah ya raya, ya ba mai jego lafiya. Da aka zo inda ka ce surukanka na so a yi wa jaririyar baftisma ranar suna, kai kuma ka ga hakan zai rage kashe kuɗi tunda taro ɗaya ne, sai da na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Amma daren nan barci bai zo mini da wuri ba. Wai "Kawu, ba ruwa ne kawai ba?"

Surukanka ba su da laifi, abin da ikilisiyarsu ta koya musu ke nan, za su ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu na Ekklesiyar 'Yan'uwa ba haka muka taras ba, sai mutum ya girma ya amsa da bakinsa ake yi masa baftisma. Kakanka yakan ce ba a ɗaukar wa mutum alkawari yana barci.

Ina saurayi a Garkida, daren da za a wayi gari a kai mu kogin Hawul a yi mana baftisma, tsohon mai bisharar da ke koyar da ajinmu ya tara mu a bakin wuta. Hunturu ne, kowa ya ƙudundune cikin mayafi. Mun zaci zai maimaita mana tambayoyin gobe, sai ya ɗauko labarin ƙasar Holan. Ya ce a 1531 an sare kan wani tela a garin Leeuwarden don ya sake yin baftisma da girmansa. Labarin ya kai kunnen wani fada, wato limamin Katolika, mai suna Menno Simons, ya shiga bincika Littafi Mai Tsarki yana neman inda aka yi wa jariri baftisma, bai samu ba. A 1536 ya ajiye aikin fada ya bi masu sake baftisma da girmansu, waɗanda ake farauta, har sarki ya sa lada a kan kansa. Shi dai a kan shimfiɗarsa ya mutu a 1561. Mabiyansa ne suka sha wuta.

Sai ya zo kan Dirk Willems na garin Asperen. Laifinsa, ya yi baftisma yana matashi a Rotterdam, yana kuma tara masu bi a gidansa a ɓoye, ana wa'azi, ana yi wa wasu baftisma. Aka kama shi aka kulle. Ya ƙuƙƙulla tsummoki ya yi igiya, ya sulalo ta taga. A nan tsohon ya sha fama da mu, don ya ce sanyin ƙasar kan sa tafki ya daskare har mutum ya taka ya wuce, mu kuwa muka ce ba mu yarda ba. Wani ya tambaya to kifin fa, aka bushe da dariya. Tsohon ko murmushi bai yi ba. Ya ce yunwar kurkuku ta rame Dirk, ƙanƙarar ta ɗauke shi ya haye. Dogarin da ya biyo shi kuwa mai jiki ne, ta fashe da shi, ya shiga ihu yana nutsewa. Dirk ya riga ya tsira, hanya na gabansa. Ya juyo, ya miƙa hannu ya jawo mutumin. Dogarin ya so ya ƙyale shi, magajin gari ya daka masa tsawa ya tuna rantsuwar aikinsa, sai ya kama wanda ya cece shi. Ranar 16 ga Mayu 1569 aka ƙone shi. Iska mai ƙarfi ta riƙa kaɗa wutar gefe, ƙasan jikinsa ke ci, mutuwa ta ƙi zuwa da wuri, har a garin Leerdam ana jin muryarsa yana kiran Ubangijinsa.

Wani abokina mai zafin kai ya ce ai wannan wauta ce, rama cuta ga macuci ibada ne. Tsohon ya zuba masa ido, can ya ce, "In haka ka gani, gobe kada ka shiga ruwan, babu mai tilasta ka." Da safe ya shiga. Muka durƙusa a kogin, fasto ya nutsar da kowa sau uku ta gaba, haƙora na kaɗawa. Maganar abokin nan ta dawo mini a 2014, sa'ad da 'yan Boko Haram suka shiga Mubi da Kwarhi, hedikwatar ikilisiyarmu, samarinmu na tambayar ko haka za mu zauna ba ramuwa. Ban sami amsa mai daɗin ji ba.

Yanzu kuwa sai in ga ranar baftisma an ɗinka anko, mai hoto ya fi fasto kusa da ruwan, yaro ya fito bai san abin da ya amsa ba. Ku ma ba laifinku ba ne kaɗai, mu ne muka daina tara ku a bakin wuta.

Ka yi suna, ka yanka ragonka, ku kai ta sujada a miƙa ta ga Ubangiji a yi mata addu'a. Maganar ruwa kuma kada ka kuskura ka yi ta da surukanka ta waya. In ƙafar nan ta sake ni zan zo kafin Kirsimeti, ni da baban matarka mu zauna. Ka gaishe da mai jego.