Wane Kifi Ne Zai Zauna da Wane a Akwatin Gilashi Ɗaya?

Ka tambaye ni, ɗana, me ya sa na hana ka haɗa wa mai saye kifayen adon nan, oska da gufi da taiga bab da kifin zinari, a akwati guda, alhali duk ƙanana ne, tsawon ɗan yatsa, kuma tare suka zo daga Kano babu wanda ya taɓa wani. To, wannan zaman mota ne da zaman shago. Kifin da ya sha tafiya cikin leda a gajiye yake, a tsorace, bai san inda yake ba balle ya ce nan gurbina ne. Bari ya yi sati biyu ya huta ya ƙoshi, a nan za ka ga halinsa. Mu masu wannan sana'a, kifin da zai zama nan da shekara guda muke dubawa, shi kuwa mai saye launin yau kawai yake gani.

Fara da baki. Duk abin da ya shiga bakin kifi abincinsa ne, ba mugunta ba ce, haka aka halicce shi. Oskan nan da kake riƙewa yana santimita 5, ɗan kogunan Kudancin Amurka ne, kafin shekara ta zagayo ya wuce tsawon tafin hannunka, kuma zai kai santimita 30 ko fiye. Namijin gufi kuwa iyakarsa santimita 3 zuwa 4. Wata uku ba za su cika ba mai gidan zai fara ƙirga gufinsa da safe yana ganin sun ragu, babu gawa babu alama. Haka enjel, mai faɗin jiki da tafiyar ƙasaita: in ya girma yana haɗiye ɗan ƙaramin kifin nan niyon tetira, wanda dama shi ne irin abin da yake ci a ruwan Amazon. Oska shi kaɗai yana son lita 250. Ka san lissafin: tsawo sau faɗi sau zurfi a santimita, ka raba da 1000. Akwatin da muka fi yankawa, mai 80 da 35 da 40, lita 112 ne, kuma ba a cika shi har baki.

Taiga bab kuwa bakinsa bai isa haɗiye kowa ba, tsokana ce sana'arsa. Ɗan tsibirin Sumatara ne, a garke yake rayuwa, suna korar juna yini guda don a san babba. In ka sa takwas ko goma, rigimar ta tsaya a tsakaninsu. In ka sa biyu ko uku, kamar yadda masu saye ke so don tsimin kuɗi, sai su juya kan maƙwabta, duk mai doguwar jela da nauyin tafiya ya shiga uku: gufi, enjel, beta, da kifin zinari mai jela biyu. Jelar ta yage, cuta ta shiga ta wurin. Shi ma beta, ɗan ƙasar Tailan, maza biyu ba sa zama wuri ɗaya ko da wasa, kuma yakan ɗauki namijin gufi mai ƙyallin jela a matsayin abokin gaba.

Yanzu ga abin da littattafan Turawa ba za su faɗa maka yadda ya dace da mu ba, wato zafin Damagaram. Su damuwarsu yadda za su ɗumama ruwa ne. Mu a watan Afrilu da Mayu, rana tana haura digiri 40, ruwan akwati a ɗakin da babu na'urar sanyaya ɗaki yana wuce 30 cikin sauƙi. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar numfashi kamar mai sanyi: a digiri 20 lita ɗaya tana ɗaukar kusan miligiram 9, a digiri 30 ta sauko wajen 7 da rabi. Kuma a daidai lokacin ne jikin kifi ke ƙara neman iskar. Kifin zinari, wanda mutanen Sin suka fara kiwonsa tun ɗaruruwan shekaru, ruwan digiri 18 zuwa 22 ya fi so. Yana jure zafinmu in akwai fili da injin iska, amma ga ci ga yawan kashi, yana ɓata ruwa fiye da kowa. In aka ɗauke wuta da tsakar rana injin ya tsaya, za ka gan shi a sama yana haki, ƙananan da ka cusa masa su ne ke fara mutuwa. Shi ya sa nake barin sa da danginsa kawai. Ko a cikin dangin, mai jela ɗaya mai gudu yana cinye abinci kafin mai ƙaton ciki ya juyo. Niyon tetira ma ba ya son ruwa ya wuce 26, ni ba na ba wa kowa shi sai wanda na san ɗakinsa da sanyi. Beta da gurami sun fi haƙuri da ɗaukewar wuta, don suna hawa sama su shaƙi iska kai tsaye. Da hunturu kuma lamarin ya juye: daren Disamba da Janairu zinari yana jin daɗi, gufi da beta suna lafewa a ƙasa, lokacin ne cutar farin ɗigo ke kama su.

Sai nau'in ruwan. Tambayi mai saye daga ina yake ɗebowa, don a garin nan wani pampo ne, wani rijiya, wani abin da mai kura ya kawo. Ruwan da sabulu ba ya kumfa a cikinsa, mai barin farin ɓawo a gindin butar shayi, wato ruwa mai nauyi, ya dace da gufi da danginsa moli da filati, moli har ɗan zartsi yana jurewa. Tetira da enjel ruwa mai laushi suka fi so. Kifayen tafkin Malawi masu shuɗi da rawaya su ma suna son ruwa mai nauyi, sai dai faɗa gare su, su kaɗai ake ajiyewa da duwatsu masu yawa.

A lita ɗari, haɗin da ba ya dawo mana da ƙorafi shi ne gufi da filati, ko gufi da moli kaɗan, kowane namiji da mata biyu ko uku don kada ya gajiyar da mace ɗaya da bi. Ka dai gaya wa mutum gufi haihuwa take yi ba ƙwai ba, kusan duk wata, kuma manya na cin ƴaƴan in babu ganyen ɓuya. Kifin nan mai lasar gilashi da kowa ke nema wai shi ne mai shara, a kula: irin da aka fi kawowa yana wuce santimita 30, kuma yakan manne jikin zinari da dare yana tsotse yauƙinsa.

Wani zai zo maka da kifin tafki daga wajen Gidimuni, nan cikin jihar Damagaram, ya ce a saka masa. Tarwaɗa, ko ɗan tsako ne, in ta girma ba ta barin kowa. Karfasa haƙa take yi, ta tumɓuke ganye, in lokacin ƙwai ya yi ta mamaye rabin akwatin. Kurungu yana da kyan kallo kuma ya fi su zaman lafiya, amma da dare yake yawo, ƙananan da suka yi barci yana iya ɗaukar su. Minjirya da gaiwa kowa ɗakinsa daban. Kuma kifin tafki yakan zo da ƙwayoyin cuta a jikinsa, don haka shi da duk wani sabon kifi, sati biyu zuwa huɗu a akwatin keɓewa kafin ya ga sauran.

Ko ka yi komai daidai, zo mu zauna zo mu saɓa ne, wani kifin halinsa ya fita daban da na danginsa. Duba wanda ya maƙale a kusurwar sama ko bayan matatar ruwa, launinsa ya dushe, ba ya fitowa cin abinci. Wannan korar sa ake yi, ko da ba ka taɓa ganin faɗan da idonka ba. Zauna nesa kaɗan bayan ka zuba abinci, ka leƙa kuma da tocila bayan an kashe fitila, za ka gane mai laifin. Shi za ka cire, ba wanda ake zalunta ba, in ba haka ba gobe zai zaɓi wani. Ajiye shi a gefe kwana kaɗan, ka sauya wa duwatsu da ganyaye wuri don iyakokin da ya sani su ɓace, sannan ka mayar da shi. In ya koma halinsa, a raba su gaba ɗaya.