Amsa ga Baffa kan hoton Hauwa'u a coci

Assalamu alaikum Baffa. Ina gaisuwa, a gaida Inna da sauran mutanen gida. Saƙon muryarka sau biyu na saurare shi. Ka ce an nuna maka hoton Hauwa'u tsaye cikin coci, gumaka ta ko'ina, kana tambaya ko haka mu Hausawan Nuremberg ta Jamus muke sakin 'ya'yanmu. Ban ga laifinka ba. Ni ma shekarata ta farko a garin nan ko ta bakin ƙofar cocin ba na son bi.

Makaranta ce ta kai su, darasin tarihin gari, kuma tun da wuri ake aiko takarda gida. A kan wannan, gaskiya bakinmu bai zama ɗaya ba. Akwai wanda ranar tafiyar ɗansa kan wayi gari da ciwon ciki. Akwai irina, masu neman a sa su cikin iyayen rakiya, don in yaro zai gani, gara ya gani kana kusa. Abin da kusan kowa ya yarda da shi: ba a shiga lokacin ibadarsu, ba kunna kyandir, ba rusunawa. Ko zoben tagullan nan na jikin shingen Schöner Brunnen, maɓuɓɓugar tsakiyar kasuwa, da baƙi ke murzawa wai don sa'a, yaranmu sun san camfi ne.

Cocin da ka gani sunansa St. Lorenz. Abin da ke rataye a bayanta aikin itace ne na wani masassaƙi, Veit Stoss, ya gama shi a 1518, wai Mala'ika Jibrilu ne yake yi wa Nana Maryam bushara. Nan ne abin ya fi yi mini nauyi, ba zan ɓoye maka ba. Yarinya ta ja rigata ta ce, "Abba, haka yake?" Na ce mata a'a, masassaƙin ne ya ƙaga, bai taɓa ganin mala'ika ba. Da dare muka buɗe Suratu Maryam. Shi Stoss ɗin, duk gwanintarsa, a 1503 hukuma ta ɗana masa ƙarfe mai zafi a kunci biyu saboda takardar bashi ta jabu.

Wanda ya tsaya mini a rai kuwa Adam Kraft ne. Tsakanin 1493 da 1496, lokacin Muhammadu Rumfa yana sarautar Kano, ya sassaƙa wata siririyar hasumiya ta dutse a cikin cocin, tsayinta kusan mita 20, dutsen ya fito tamkar saƙar hula. Sai ya sassaƙa kansa a gindinta, durƙushe kan gwiwa ɗaya, da gemunsa da kayan aiki, guduma a hannu, kamar duk ginin a kafaɗarsa yake. Na daɗe tsaye ina kallon yatsunsa. Wallahi maginan unguwarmu na tuna, yadda ba sa sauka daga soro sai sun zana dagi a goshin zaure.

Gidan Albrecht Dürer ba coci ba ne, don haka ko masu tsanani a cikinmu sukan bari a je. Shi Dürer ɗan maƙerin zinariya ne, an haife shi a 1471, ya sayi gidan a 1509, yana nan ƙarƙashin fadar garin. Zane yake yi, a sassaƙa kan katako ko ya zana kan farantin jan ƙarfe, a buga da yawa, matarsa Agnes ta kai kasuwa. A 1515 ya zana karkanda bai taɓa ganinta ba, daga kwatancen da aka aiko daga Lisbon: ya sanya mata sulke, ya ƙara mata ɗan ƙaho a doron wuya.

A daren 2 ga Janairun 1945 bama-bamai sun rushe mafi yawan tsohon garin, amma aikin Stoss ya tsira, don tun farkon yaƙi suka ɓoye shi a wani tsohon rumbun giya da aka haƙa cikin dutse.

Zango mai zuwa gidan tarihi za su, su ga ƙwallon taswirar duniya na 1492, wanda babu Amurka a jikinsa. Zan turo maka takardar kafin in sa hannu, Baffa, ka duba ka faɗa mini.