Amsa ga mai son saƙa mafilar wuya mai zanen ganye

'Yar'uwa, na ga tambayarki: kina son saƙa rufaffiyar mafila, irin wadda ake zura kai a ciki, da saƙar leshi mai zanen ganye, amma da kin gama sai ki ga ramuka ne kawai a warwatse, ba alamar ganye. Ina kyautata zaton hankalinki ya tafi kan ramukan ne, alhali ragi, wato rage yawan madauki, shi ke zana ganyen.

Duk sanda kika naɗa zare a kan tsinke, kin yi rami kuma kin ƙara madauki ɗaya, don haka dole ki rage ɗaya a wani wuri. Inda kika sa ragin, da gefen da ya karkata, nan siffar take. Idan kika haɗa madauki biyu kika saƙe su tare, layin zai kwanta dama. Idan kika zame su ɗaya-ɗaya sannan kika saƙe ta baya, zai kwanta hagu. Ni yadda nake yi, madauki ɗaya nake bari a tsakiya ya zama jijiyar ganye, rami a kowane gefensa, ganyen ya yi ta buɗewa. Daga nan sai ragin dama da na hagu su taho suna matse shi, a ƙarshe in haɗe uku su koma ɗaya, tsinin ya fito. Ki tsinko ganye na gaske ki ɗora a kan takarda mai gida-gida, ki zana gefensa, ki watsar da ƙananan jijiyoyin. Zare ba ya ɗaukar wannan ƙyale-ƙyalen.

Sai lissafi. Ki fara saƙa ɗan gwaji, ki jiƙa shi, ki shimfiɗa ki kafe da fil har ya bushe, sannan ki auna. A ce kin samu madauki 20 a santimita 10, kina son zagayen mafilar ya kai santimita 60, kenan madauki 120. In ganye ɗaya yana cin 10, ganye 12 cif. In kuma 14 yake ci, ko 112 ko 126, ni dai babban nake ɗauka, tunda sai ta wuce kai kafin ta sauka wuya.

Da tsinken zagaye, wato tsinke biyu da igiya ta haɗa su, aikin ya fi sauƙi, fuskar saƙar kullum tana kallonki. Zagaye ɗaya na zane, na biye da shi saƙa zalla. Ki sa alama tsakanin ganye da ganye, kuma lokaci-lokaci ki zura wani siririn zare cikin madaukan, in kin ɓata ki warware zuwa nan kawai.

Zare mai launi ɗaya ki nema, mai santsi. Mai launuka barkatai yana da kyau a dunƙule, amma cinye zanen yake yi. Ulu ya fi riƙe siffa bayan kafewa, na roba kuwa sai an ɗan ba shi tururi. Tsinken ma ya ɗan fi wanda aka rubuta a jikin zaren kauri.

In ganyen ya ƙi, ki fara da zanen igiyar ruwa irin na masaƙan tsibiran Shetland da ke Scotland, madauki 18, ragi shida, rami shida. Bakin sama da na ƙasa ki yi 'yan layukan da ba sa nannaɗewa, ki kuma rufe sako-sako, don matsattsen baki ba zai shiga kai ba.