Ku Tambayi Kawu: Takun Dare a Tsohon Gidan Birni

TAMBAYA: Kawu, barka da aiki. Wata uku ke nan da na kama hayar wani tsohon gidan ƙasa a Birni, kusa da fadar Sarkin Damagaram. Sai da muka tare maƙwabta ke ce mana wai sojojin Nasara sun zauna cikinsa lokacin yaƙi, har an kashe mutum a zauren. Tun shigowar hunturu muke jin taku a bisa soro, wani lokaci da numfashi kamar na mai minshari. Sau biyu ana danne uwargida cikin barci, yanzu ta rantse sai mun tashi. Ga shi na biya jika sittin, kuɗin wata shida. Fatalwa ce, Kawu?
Daga wani magidanci, Birni, Damagaram.

AMSA: Ɗana, Allah ya kawo sauƙi. Maƙwabtanka ba su yi ƙarya ba da suka ce garin nan ya ga yaƙi. A 1898 aka kashe wani sojan Faransa, Kyaftin Kazamaju, da tafintansa a nan, zamanin Sarki Ahmadu Kuran Daga. Shekara na zagayowa Faransawa suka dawo, aka gwabza a Tirmini kusa da Damagaram, suka ci gari, suka gina bariki suka sa masa sunan mamacin nasu. Daga 1911 nan ce cibiyar mulkinsu a Nijar, sai 1926 suka mai da ita Yamai. Amma fa a Birni duk soron da ya tsufa ya tsage yana da nasa labarin soja. Ni kaina an taɓa nuna mini gida uku, kowanne da dattijon da ke rantsuwa a nan abin ya faru.

Ko ma a zaurenka aka yi kisan, wanda ya mutu ya tafi ke nan. Duba ƙarshen Suratul Muminun: mamaci yana roƙon a mai da shi duniya, ana ce masa a'a, akwai barzahu a tsakani har ranar tashi. Aljanu kam akwai su, ban musa ba. Ka riƙa karanta Baƙara a gidan, hadisi ya tabbata cewa shaiɗan na gudun gidan da ake karanta ta. Sai dai kafin ka kai kuɗinka wurin mai tofi, hau soron.

Ina yaro a gidan kakata a Zango mun sha irin wannan minsharin. Damina guda ba mai fita fitsari da dare, ni har tabarma na jiƙa, aka yi mini dariya. Ran nan kawuna ya kafa tsani ya haska tocila a wani rami kusa da indararo. Me zai gani? 'Ya'yan mujiya huɗu, fuska fari fat kamar an shafa musu alli, suna huci suna jiran uwarsu ta kawo ɓera. Kukan yunwarsu ne muke ji, kuma wallahi ba ka raba shi da numfashin ƙato.

Taku kuma, gwada wannan. Da magariba ka barbaɗa toka a bisa soron da bakin zaure, ka share ta ta kwanta lif. Da safe ka je ka karanta. Gafiya tana barin sawu da jan wutsiya, mage tana barin nata a jere. In ba sawu ko ɗaya, to azara ce: rana ta gasa ta, sanyin asuba ya kama ta, sai ta riƙa ƙas-ƙas kamar ana tafiya a hankali.

Abin da ya sami uwargida shi ne dannau. Mutum ya farka amma jikinsa bai gama farkawa ba, ya kasa motsi, ya ji nauyi a ƙirji. Rashin isasshen barci da kwanciya rigingine suna ƙara shi, tsoro kuma ya fi su duka. Kada ka yi mata dariya, abin da ta ji ta ji shi.

Abu ɗaya ne a wasiƙarka ya tayar mini da hankali, wato hunturun nan. Kuna shiga da kaskon gawayi ɗaki ku rufe ƙofa? In haka ne ku daina daga yau. Gawayi na fitar da wata iska marar wari marar launi, tana kawo ciwon kai da jiri da gane-gane, tana kuma kashe mutum cikin barcinsa. Ɗakin ƙasa mai 'yar taga ɗaya ba ya fitar da ita.

Kuma ka sa magini ya ƙwanƙwasa azarar nan kafin ruwan farko. In gara ta ci ta, ka zauna da mai gidan a cire kuɗin gyara cikin hayar da ke tafe. Ka gaida uwargida, ka rubuto mini abin da ka tarar a kan tokar.