Akwatin Tambayoyinku: Zan iya zama a bayan Kubwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni haifaffiyar Fagge ce, a nan aka yi min aure, a nan na haifi 'ya'yana uku. An yi wa maigidana canjin wurin aiki zuwa Abuja, ya samo mana gidan haya a wani rukunin gidaje a bayan Kubwa, ta hanyar Bwari. Sai yabon wurin yake yi, wai shiru, ba hayaniya, ga iska. Ni kuwa gabana sai faɗuwa yake yi, don ban taɓa kwana inda ba na jin motsin maƙwabta ba. Kin taɓa rubuta cewa ta can kike zaune. Don Allah ki faɗa min gaskiya, yaya zaman yake?
Daga uwar yara uku, Fagge, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Maigidanki gaskiya ya faɗa miki. Wurin shiru ne, kuma shirun yana da daɗi. Da damina duwatsun da ke kewaye da mu daga Dutse Alhaji har Ushafa sukan yi kore shar, da dare kuma za ki yi barcin da ba ki taɓa yi a Fagge ba, ba ƙarar injin markaɗe, ba hon ɗin A Daidaita Sahu a bayan taga. Yara za su hau keke a kan layi hankalinki kwance, domin ƙofar shiga unguwar ɗaya ce kuma akwai maigadi. Na daɗe a nan, kuma har ga Allah ina son zaman. Sai dai shi maigida da safe zai fita. Ke ce za ki wuni a ciki, don haka bari in faɗa miki yadda wunin yake.

Ana idar da sallar Asuba za ki fara jin ƙarar ƙyauren gidaje da tashin motoci. Kafin ƙarfe bakwai an kwashe yara zuwa makaranta, ma'aikata sun kama hanya, layi ya zama fayau. Ba mai tallar ƙosai, ba almajiri a bakin ƙofa, ba matar da za ta leƙo ta katanga ta ce ki ara mata turmi. Abin da ya fara ba ni wuya shi ne rashin yaron aike. A gida in magi ya ƙare, leƙawa zaure kawai za ki yi ki kira duk yaron da ya gifta. A nan sai ki ɗauki hijabi ki taka har bakin get, wani lokaci ki hau Keke Napep kafin ki ga kanti. Saboda haka ki koyi yin cefanen mako gaba ɗaya. Kasuwar Dutse da ta Kubwa suna kusa, in kuma tumatir kwando ko nama mai yawa kike so, ki nufi Dei-Dei, can za ki ji Hausa ta ko'ina har ki manta ba a Kano kike ba.

Babban abin da ke mulkin rayuwarmu a nan shi ne hanya. Tun da aka dawo da babban birnin tarayya daga Legas a 1991, kuɗin haya a Maitama da Wuse da Garki ya fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci, sai jama'a suka watsu zuwa Kubwa da Lugbe da Karu da Nyanya da Kuje, suna kwana a can suna aiki a cikin gari. Daga wajenmu zuwa sakatariyar tarayya kusan kilomita 30 ne. Titin yana da faɗi da kyau, ranar Lahadi rabin awa ya ishe ka. Amma ranar Litinin wanda ya bari bakwai ta wuce bai fita ba, zai share awa guda ko fiye, musamman in an cushe a mahaɗar Dutse. Da yamma ma haka. Ma'anar wannan a cikin gidanki ita ce, sau da yawa maigida zai fita yara ba su gama shiri ba, ya dawo bayan Isha a gajiye, ƙaraminsu ya riga ya yi barci.

Ga kuma kuɗin mai. Kafin a cire tallafi a ranar 29 ga Mayu 2023, lita ba ta kai naira 200 ba. Cikin 'yan kwanaki ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. A layinmu maza huɗu suka haɗa kai, kowa da makon da zai fito da motarsa ya kwashi sauran. Ki ba maigidanki wannan shawara, ta fi masa tsayawa a bakin titi ya shiga motar da bai san masu ita ba, domin ɓarayin nan da ake kira wan-cans da motar haya suke yaudarar mutane.

Yanzu ga abin da kike tsoro, kuma tsoronki yana kan hanya. Maƙwabtanki za su kasance Ibo da Yarbawa da Tibi da Igala da Nufawa da namu, ga Gbagyi masu asalin ƙasar a ƙauyukan da ke kewaye. Mutanen kirki ne, amma kowa ya gaji, kowa yana bayan katangarsa. Gaisuwar ma yawanci ɗaga hannu ne ta gilashin mota. Wata shekara mahaifiyar wata maƙwabciyarmu ta rasu, gida uku ne tsakaninmu, amma a zauren WhatsApp na unguwa muka ga sanarwa. Da muka shiga ni da wata, muka same ta a falo ita da ƙanwar mijinta kaɗai, ba tabarma a waje, ba tukunya a kan wuta, wayarta ce kawai ke ta ƙara a gefenta. Na tuna yadda a gida layi kan cika maƙil kwana uku, mata na shigowa da kwanukan abinci ba wanda ya aike su. Muka koma muka dafa shinkafa da wake, muka kira sauran matan ɗaya bayan ɗaya, muka zauna da ita har Magariba. Daga wannan zaman ne muka kafa adashi, daga baya muka nemi malama tana zuwa mana karatu Asabar da Lahadi a masallacin unguwa.

A Fagge maƙwabtaka gadonta kika yi, kin tashi kin tarar da ita. A nan ba mai kawo miki ita har gida. Zumunta a ƙafa take, kuma ƙafarki ce za ta fara takawa. Makon da kuka sauka, ki yi ɗan dambu ko alkaki ki zuba a kwano, ki kama hannun ƙaramin ɗanki, ki buga ƙofar dama da ta hagu ki ce kun iso. Kada ki tsallake gidan da ba Musulmi ba. Matar da ke hagu da ni 'yar Binuwai ce, da Sallah nakan kai mata nama, da Kirsimeti ta aiko da shinkafa, kuma ita ta kai ni babban asibitin Kubwa cikin dare lokacin da zazzaɓi ya rufe ɗana babansa ba ya gari.

Ki kula da bakin yaranki. A makaranta da kan layi Turanci za su wuni suna yi, kafin shekara ta zagayo za ki yi musu magana da Hausa su amsa miki da Turanci. Ni wannan yana damuna ƙwarai, kuma dokata a gida ita ce, da an shigo ƙofa Hausa ake yi. Hutu kuma ki kai su wajen kakanni. An yi sa'a akwai tashar jirgin ƙasa a Kubwa, a kan layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. Ki sauka a Rigasa, ki shiga motar Kano.

Kafin ku loda kaya, ki roƙi maigida ya kai ki ki gani da idonki, gani ya kori ji. Ki tambayi matan wurin maganar ruwa, domin ko da yake madatsar Usuma tana nan kusa, ba kowane rukuni ne famfo ya kai ba, wasu sai burtsatse ko 'yan ga-ruwa. Ki tambayi kuɗin gadi da na kwasar shara, ki duba ko akwai mita. Ki tambayi yadda hanyar shiga take in an tafka ruwa. Sannan ki yi tambaya a kan tsaro ba tare da jin kunya ba, don a farkon 2024 an sha fama da masu garkuwa da mutane a yankin Bwari. In gidan shi ne na ƙarshe a jikin dutse ko daji, ku nemi na tsakiya ko da ya ɗara tsada. In waɗannan sun yi daidai, ki taho ƙanwata, za ki iya. Allah Ya sa ku shiga a sa'a.

TAMBAYA: Hajiya, ina wuni. Sabon ma'aikaci ne ni, ban yi aure ba, ba ni da mota. In kama ɗaki ɗaya mai tsada a Garki kusa da ofis, ko ciki da falo mai sauƙi a Kubwa?
Daga wani ɗanki a Gusau.

AMSA: Lafiya lau ɗana, Allah Ya sanya albarka a aikin. Ka ɗauki biro ka lissafa kuɗin mota zuwa da dawowa na kwana 22 a wata, ka ninka sau 12, ka ɗora a kan hayar Kubwa, sannan ka gwada da ta Garki. Sau da yawa ratar ba ta kai yadda ake zato ba. Shirun bayan gari mai iyali yake yi wa amfani, kai kuwa barci kawai za ka riƙa zuwa yi. Ni dai da ɗana ne kai na cikina, zan ce ka zauna kusa da ofis, ko da za ku haɗa kuɗi da abokin aiki ku raba ɗakin, har Allah Ya kawo matar aure da abin hawa.